Wutar lantarki a Nijar: tarihin dogaro da Najeriya da abin da ke jinkirta makamashin hasken rana

Jamhuriyar Nijar na cikin ƙasashen da suka fi kowa samun hasken rana a duniya, tana da uraniyom da ɗanyen mai da gawayin ƙasa, kogin Kwara kuma ya ratsa yammacinta. Duk da haka, shekaru da dama mafi yawan wutar da aka riƙa kunnawa a Yamai, Dosso, Maraɗi, Damagaram, Tawa da Difa daga ƙetaren iyaka ta riƙa zuwa. Rahoton kamfanin NIGELEC ya nuna cewa a 2022 kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar da ya raba sayo ta aka yi daga Najeriya. A lokaci guda, ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wuta a gidansa, a karkara kuwa adadin bai ko kai haka ba.

Katsewar da aka yi a Agusta 2023 ta fito da wannan hali fili, ta kuma sa tambayar da aka daɗe ana yi ta dawo bakin jama'a: me ya hana ƙasar ta samar da wutarta da kanta, musamman daga rana wadda ba a saye?

Yadda aka raba ƙasar ta fannin wuta

NIGELEC, kamfanin da aka kafa a 1968, shi ne ke da alhakin jigilar wuta da raba ta da sayar da ita a kusan duk faɗin ƙasa, kuma mallakar gwamnati ne. Sai dai Nijar ba ta da layi guda da ya haɗe dukkan jihohinta. Abin da ake da shi yankuna ne da kowanne ke cin gashin kansa.

Yankin Kogi ya ƙunshi Yamai, Dosso da Tilaberi, kuma shi ne ya fi kowanne shan wuta. Yana samun ta ta babban layin da ya taso daga Birnin Kebbi, sannan tashoshin da ke kewayen Yamai su cika. Yankin Tsakiya da Gabas ya haɗa Maraɗi, Damagaram da Tawa, wutarsa na shigowa daga Katsina ta Gazawa, daga nan layin ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya Damagaram. Yankin Gabas, wato Difa, an ɗaura shi da ƙaramin layi daga Damasak a jihar Borno, layin da rikicin tafkin Cadi ya sha shafa. Gaya na da nata layin daga Kamba. Yankin Arewa, wato Agadas, Cirozerin da Arlit, shi kaɗai ne ba ya jiran Najeriya, domin tashar gawayi ta SONICHAR ce ke ba shi wuta. Bayan waɗannan akwai garuruwa da dama na nesa da ke da injinan gazuwal nasu, wasu na tashi ne na ƴan awoyi kawai a rana.

Wannan rarrabuwa na da illa babba. In wuta ta yi rara a wani yanki, babu hanyar tura ta inda ake ƙaranci. Tashar da aka gina a Yamai ba ta amfanar mai walda a Tasawa, haka wadda ke Agadas ba ta kai wa Birnin Konni.

Inda dogaron ya samo asali

A 1968 Najeriya ta kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, mai ƙarfin megawat 760. Daga baya aka ƙara ta Jebba a ƙasanta. Ruwan da ke juya injinan waɗannan madatsu sai ya bi ta Gini, Mali da Nijar kafin ya isa can, don haka tun farko Najeriya na da muradin kada a tare shi a sama. A Najeriya jami'ai sun sha bayyana cewa sayar wa Nijar wuta da rahusa na cikin abin da ke tabbatar da ruwan ya ci gaba da gangarowa.

A 1976 aka fara aiki da layin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. A 1994 na Katsina zuwa Gazawa ya biyo baya. A wancan lokaci lissafin a fili yake: wutar ruwa ta Kainji ta fi arha nesa ba kusa ba a kan wadda ake samu ta ƙona gazuwal, musamman ga ƙasar da ba ta da gaɓar teku, wadda duk litar mai sai an ɗauko ta a mota daga Kotonu ko Lome. Gwamnatocin da suka biyo juna sun ga babu dalilin kashe miliyoyi wajen gina manyan tashoshi alhali ga wuta mai sauƙi a maƙwabta. Injinan da ke Yamai da sauran birane aka bar su a matsayin na ko-ta-kwana. A kusa da 2010 rabon wutar da ake sayowa ya haura kashi 80 cikin ɗari.

Arhar ta amfani masu biyan kuɗin wuta na tsawon shekaru, amma ta bar gado mai nauyi. Farashin da aka saba da shi an gina shi ne bisa wuta mai rahusa, saboda haka duk wata sabuwar tasha ta cikin gida sai ta zo da tsada idan aka gwada. Bayan Najeriya ta sayar da kamfanonin wutarta a 2013, madatsun Kainji da Jebba suka koma hannun kamfani mai zaman kansa, Mainstream Energy Solutions, cinikin kuma ya ƙara zama na kasuwa.

Buƙata ta zarce abin da layukan ke ɗauka

Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya a Nijar, da ƙaruwar kusan kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Yanzu adadin ya wuce miliyan 25. Birane sun faɗaɗa, sababbin unguwanni sun fito, gidajen da a da ƙwan fitila da rediyo kawai suke da su yau suna da fanka, firiji, talabijin da na'urar sanyaya ɗaki. Masu niƙa, masu ƙanƙara, teloli, masu cajin waya da masu aikin ƙarfe duk sana'arsu ta rataya a kan wuta.

Layi kuwa yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, ita ma Najeriya ba ta ƙoshi ba. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, abin da take iya rabawa yawanci bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, babban layinta na ƙasa kuma yakan faɗi sau da dama a shekara. Duk lokacin da hakan ta faru, ko guguwa ta kayar da turaku, ko aka lalata layi a hanya, duhun yakan tsallako iyaka.

Matsalar ta fi tsanani a bazara, daga Maris zuwa Yuni, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. A sannan ne kowa ke kunna fanka da na'urar sanyi dare da rana, injinan gazuwal su ma zafi na rage musu ƙarfi. Abin da ya saura ga kamfani shi ne rabon wuta unguwa-unguwa.

Abin da ya faru a Agusta 2023

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, majalisar CNSP ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani ta karɓi mulki. Ranar 30 ga wata shugabannin CEDEAO suka yi taro a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi, wanda ya haɗa da rufe iyakoki da dakatar da cinikin makamashi. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar.

Yamai ta samu sauƙi kaɗan saboda tashoshin da aka gina a shekarun baya. Maraɗi, Damagaram da Tawa sun fi jin jiki, domin injinan da ke yankin ba su iya cike gurbin layin Katsina ba. Asibitoci sun koma kan janareta, famfunan ruwa da ke aiki da lantarki sun rage gudu, masu sayar da kifi, nama da madara sun yi asara. Kamfanin wuta kuma ya shiga ƙona man da ya fi tsada don samar da abin da a da yake saye da rahusa.

CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, wuta ta dawo a watan Maris, bayan kimanin wata bakwai. Amma ba ta dawo kamar da ba. A 2025 ministar makamashi, Haoua Amadou, ta bayyana cewa Najeriya na turo megawat 46 ne maimakon 80 da aka saba. A tsakanin nan Nijar, Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a Satumba 2023, ficewarsu daga CEDEAO kuma ta tabbata a Janairu 2025. Tun daga lokacin, batun wuta ya tashi daga lissafin riba da asara kawai, ya shiga sahun maganar ƴancin kai. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Wutar da ƙasar ke samarwa da kanta

Tasha mafi daɗewa cikin manya ita ce ta SONICHAR a Anu Araren kusa da Cirozerin. An kafa kamfanin a 1975, tashar ta soma aiki a 1981 da injina biyu da jimillar ƙarfinsu bai kai megawat 40 ba. An gina ta ne domin kamfanonin haƙar uraniyom na Arlit, SOMAÏR da COMINAK, ragowar kuma a ba garuruwan jihar Agadas. An rufe COMINAK a 2021, injinan tashar kuma sun haura shekara arba'in suna aiki.

A Yamai, shugaba Mahamadou Issoufou ya buɗe tashar Goru Banda a Afrilu 2017 da megawat 80, aka tsara ta kai 100. A 2021 aka ƙara tashar Gudel mai megawat 89, wadda kamfani mai zaman kansa, Istithmar, ya gina yake sayar wa NIGELEC wutar. Kamfanin ya yi wata ƙarama mai megawat 22 a Damagaram. An kuma ja layukan kilobolt 132 daga matatar SORAZ zuwa Damagaram da daga Maraɗi zuwa Malbaza. Waɗannan ayyuka su ne suka rage rabon wutar Najeriya zuwa kashi 70, su ne kuma suka hana Yamai faɗawa duhu baki ɗaya a 2023. Aibinsu ɗaya ne: mai suke ci, kayan gyaransu kuma daga waje ake odarsu.

Akwai kuma Salkadamna a jihar Tawa, inda aka gano gawayin ƙasa mai yawa. An aza harsashin aikin a 2014 da niyyar tashar da za ta kai megawat 600 a matakai. Aikin bai tashi ba a shekarun da suka biyo baya, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne manyan bankunan raya ƙasashe sun daina ba da bashi don tashoshin gawayi saboda ɗumamar yanayi. Hukumomin yanzu sun sake ɗaga maganar a matsayin ginshiƙin dogaro da kai.

Man fetur: ƙasa mai rijiya da ke shigo da mai

A Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, gwamnatin Nijar 40. A farko abin da take tacewa ya fi ƙarfin kasuwar cikin gida, har ana fitar da ragowa. Bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme a Benin ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024, amma wannan ɗanye ne, ba ya shiga tankin mota.

Shekara da shekaru wani kaso mai yawa na man da ake sha a Maraɗi, Konni, Magarya da sauran garuruwan iyaka na shigowa ne ta bayan fage daga Najeriya, inda gwamnati ke biyan tallafi. Da shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin a Mayu 2023, man bakin titi ya yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai. A Yuli 2024 gwamnatin Nijar ta rage farashi, litar fetur ta sauko daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618, abin da ya ƙara jawo masu saye. A Maris 2025 sai ga dogayen layuka a gidajen mai, har kamfanin SONIDEP ya koma neman mai daga waje, Najeriya ma ta turo tankoki. Darasin shi ne ƙarfin matatar ya tsaya inda yake tun 2011, masu ababen hawa da injina kuwa sun ninka.

Hasken rana: tsohon buri

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A 1965 aka kafa ONERSOL, ofishin binciken makamashin rana, wanda masanin kimiyya Abdou Moumouni Dioffo ya shugabanta daga 1969. A can aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa, murhun girki da famfunan da ke aiki da zafin rana, tun lokacin da ƙasashe da yawa ba su waiwayi abin ba. Sunansa ne jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. Cibiyar ta sauya suna zuwa CNES, daga baya ANERSOL.

Kowace murabba'in mita a ƙasar na samun kimanin kilowat-awa 5 zuwa 7 na hasken rana a yini. Amma sai a Nuwamba 2018 aka buɗe tashar farko da ke haɗe da babban layi, ta Malbaza a jihar Tawa, mai megawat 7, da bashin bankin Exim na Indiya. Ta biyu ita ce ta Goru Banda, mai megawat 30 da faranti fiye da 55,000, wadda ta ci kusan sefa miliyar 20 daga hukumar AFD ta Faransa, Tarayyar Turai da gwamnatin Nijar. An yi bikin buɗe ta ranar 5 ga Yuli 2023, mako uku kafin juyin mulki, amma ba ta soma zuba wuta a layi ba sai a Nuwamba, bayan ma'aikatan waje sun tafi.

Akwai ayyukan da aka sanar ba a kai ga gani a ƙasa ba a wa'adin da aka ɗiba. Cikinsu akwai tashar megawat 50 da aka shirya da IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da ƴan kasuwa, da yarjejeniyar 2022 da kamfanin Savannah Energy na Ingila kan tashar iska mai megawat 250 a Tarka, jihar Tawa, da wata ta 2023 kan tashoshin rana a kusa da Maraɗi da Damagaram.

Abin da ke kawo cikas

Na farko kuɗi ne. Tashar rana ba ta cin mai, amma kusan duk kuɗinta a farko ake zubawa, a maido su cikin shekara 20 ko 25. Mai zuba jari zai so ya tabbata wanda zai sayi wutar zai biya har ƙarshen wa'adi. Mai saye ɗaya ne, NIGELEC, shi kuma yana fama da basussukan da ake binsa da waɗanda yake bi, har da na ma'aikatun gwamnati, ga asarar wuta a layuka da satar haɗi. Don haka sai an nemi gwamnati ko wani babban banki ya tsaya a matsayin lamuni. Da aka yi juyin mulki, Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da tallafi, Bankin Duniya ya tsayar da biyan kuɗin ayyuka har zuwa cikin 2024, kuɗin ruwa da masu jari ke nema kuma ya hau.

Na biyu yanayin ita kanta rana ce. Faranti na ba da wuta da rana, amma buƙata na ci gaba da hauhawa bayan magariba, lokacin da kowa ya koma gida. Kafin a cike wannan giɓi sai an samu manyan batura, ko injinan mai, ko madatsar ruwa. Megawat 30 da ake faɗi ƙarfin ƙololuwa ne na tsakar rana, abin da tashar ke bayarwa a jimlar awa 24 bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da inji mai irin wannan ƙarfi zai bayar in bai tsaya ba. Zafi mai tsanani na rage ƙarfin faranti, ƙurar hunturu kuma na rufe shi, sai an riƙa wankewa a wuraren da ruwan ma nema ake.

Na uku layuka ne. Ƙaramin yanki da ba a haɗe yake da wani ba ba zai iya karɓar wutar rana mai yawa ba, domin in gajimare ko ƙura ta rufe sama farat ɗaya, wutar na faɗuwa cikin mintoci, kuma dole a samu injin da zai ɗauki nauyin nan take, in ba haka ba layin duka ya faɗi.

Na huɗu farashi ne. Ƙarin kuɗin wuta magana ce mai zafi a siyasa, kamar yadda aka gani lokacin gyaran farashin 2018. In farashi bai biya abin da aka kashe ba, kamfani ba ya samun rarar gyara da faɗaɗawa. In aka ƙara, talaka ne ke kuka. A karkara lissafin ya fi wuya, domin ƙaramar tashar ƙauye na kashe kuɗi a kowane kilowat fiye da babban layi, masu amfani da ita kuwa sun fi ƴan birni ƙarancin hali.

Na biyar tsaro ne. A sassan Tilaberi, Tawa da Difa, kai ma'aikata da kaya wurin aiki sai da rakiya, abin da ke ƙara tsada da jinkiri.

Madatsar Kandaji

Babu aikin da ya nuna wannan jinkiri kamar Kandaji, a kan kogin Kwara kimanin kilomita 180 arewa maso yammacin Yamai. An fara tunaninsa tun shekarun 1970. An tsara tashar megawat 130, da noman rani a eka dubu 45 na ma'aunin hekta, da tabbatar da ruwa a kogi lokacin rani, wanda Yamai ke sha daga gare shi. Shugaba Mamadou Tandja ya aza harsashi a Agusta 2008. Aka ba kamfanin Rasha, Zarubezhvodstroy, kwangila, aka soke ta a 2013 saboda aikin ba ya tafiya. A Maris 2019 aka sake ƙaddamarwa da kamfanin Gezhouba na Sin, aka ƙiyasta kuɗin shirin a kusan sefa miliyar 740. A Agusta 2023 kamfanin ya dakatar da aiki saboda masu ba da kuɗi sun rufe famfo. Baya ga gini, akwai dubun dubatar mutanen da sai an sake musu matsuguni kafin a tara ruwa.

Muhimmancin Kandaji ya wuce yawan megawat ɗinta. Injin ruwa ana iya tayar da shi ko rage shi cikin ɗan lokaci, don haka shi ne abokin tafiyar da tashoshin rana ke buƙata da dare.

Dokoki da hukumomi

A 2013 aka kafa ANPER don kai wuta karkara. A 2015 aka kafa ARSE, hukumar da ke sa ido kan farashi da kwangiloli. A 2016 aka yi sabuwar dokar lantarki wadda ta buɗe wa ƴan kasuwa ƙofar gina tashoshi. A 2018 aka amince da tsarin ƙasa na kai wuta ga kashi 80 cikin ɗari na jama'a kafin 2035, ta hanyoyi uku: faɗaɗa babban layi, ƙananan tashoshin ƙauye, da na'urorin gida ɗaiɗai. An kuma sa burin makamashi mai sabuntawa ya kai kashi 30 cikin ɗari a shekarun 2030. An ɗauke kuɗin duwan a kan wasu kayan sola. Bankin Duniya ya tallafa da shirin NESAP a 2017, sannan a Disamba 2021 da shirin Haske, wanda zangonsa na farko ya kai dalar Amurka miliyan 317.5. Bankin Raya Afirka na da nasa shirin na samar da megawat 10,000 daga rana a ƙasashen Sahel 11, Nijar na ciki.

A takarda kusan komai ya kammala. Tazarar da ke tsakanin kashi 20 na yau da kashi 80 na 2035 ita ce ke nuna girman aikin, ganin cewa kowace shekara ana haihuwar kusan yara miliyan ɗaya.

Abin da jama'a suka yi da kansu

Yayin da manyan ayyuka ke jira, kasuwa ba ta jira ba. Farashin faranti ya faɗi ƙwarai a duniya cikin shekara goma sha biyar da suka wuce, katsewar 2023 kuma ta sa shagunan sola sun cika kasuwannin Yamai, Maraɗi da Damagaram. Gidaje, shaguna, masallatai, ɗakunan shan magani da turakun sadarwa sun ɗora faranti. Masu lambu a yankunan albasa da kayan miya sun fara sauya injin ban-ruwa mai shan fetur da famfon sola, wanda ya dace da aikinsu domin da rana ake ban-ruwa, ba ya buƙatar batir.

Wannan hanya ma na da nata matsaloli. Kusan duk kayan daga waje suke, mafi yawa daga Sin, ke nan wani sabon dogaro ne, ko da yake faranti in an saye shi babu mai iya kashe shi daga wata ƙasa. Kasuwa ta cika da kayan da ƙarfin da aka rubuta a jikinsu ba shi ne na gaskiya ba. Batirin gubar dalma ba ya daɗewa a ɗaki mai zafi, na litiyom ya fi ƙarko amma ya fi tsada. Ƙwararrun masu haɗawa sun yi kaɗan, haɗi marar kyau kuma na jawo gobara. Wani abin lura shi ne masu hali ne ke fara ficewa, su ne kuma manyan masu biyan NIGELEC, don haka kuɗin shigar kamfanin na iya raguwa alhali nauyin layuka na nan.

Makamashin da aka fi amfani da shi

Duk wannan magana ta lantarki da mai ta shafi ƙaramin kaso ne na makamashin da ƙasar ke ci. Kimanin kashi uku cikin huɗu daga itace, gawayi da karan hatsi yake fitowa, kuma da su mafi yawan gidaje ke girki. Tun farkon shekarun 1990 aka kafa kasuwannin itace na karkara domin ƙauyuka su kula da dazuzzukansu su amfana da kuɗin. Buɗe SORAZ ya sa iskar gas ta girki ta yaɗu a birane, amma buƙatarta ta kai inda ake samun ƙaranci lokaci zuwa lokaci. Hayaƙin murhu na cutar da mata da yara, motocin itace kuma kullum sai sun ƙara nisa kafin su cika.

Hanyoyin da ke gaba

A Fabrairu 2022 aka ƙaddamar a Goru Banda da aikin babban layin kilobolt 330, mai tsawon kusan kilomita 880, daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil a Benin. Zai ba da damar shigo da wuta fiye da ta yanzu, zai kuma iya zama hanyar da Nijar za ta sayar da tata in ta samu rara. A cikin gida, haɗa Yankin Kogi da na Tsakiya da Gabas da na Arewa shi ne zai sa tashar da aka gina a jiha ɗaya ta haska wata. A Yuli 2025 kuma Nijar ta sa hannu kan takardar fahimtar juna da Rasha kan makamashin nukiliya, aikin da a ko'ina yakan ɗauki shekaru masu yawa da layi mai ƙarfi kafin ya tabbata.

Ga mazaunin Maraɗi, Damagaram ko Tawa, abubuwa huɗu ne za su nuna ko an samu sauyi: ko an koma aiki a Kandaji har aka kammala, ko an haɗe yankunan da layi guda, ko sababbin tashoshin rana sun zo da batura, da kuma ko NIGELEC na karɓar kuɗinsa yana biyan masu sayar masa. Har zuwa lokacin, yawan awoyin da fanka za ta juya a watan Afrilu ya danganta da ruwan Kainji, lafiyar turakun da ke tsakanin Katsina da Gazawa, da dangantakar Yamai da Abuja.